Shiga Mai Kyau a Otal: Shawarwari 12 ga Iyalin da Za Su Yi Tafiya

A da, in Bahaushe ya yi bulaguro, gidan ɗan'uwa yake sauka, ko wurin fatoma in fatauci ne ya kai shi. A can an san inda baƙo namiji zai tsaya da inda mace za ta shige. Yau tafiye-tafiyenmu sun sauya. Umara, ganin likita a Alƙahira, saro kaya a Dubai, taron ofis a Abuja, bikin 'yar'uwa a Legas, duk a otal ake sauka, sau da yawa har da mata da yara.

Otal kuwa wuri ne mai ruɗa baƙo. Ɗakin da ka biya naka ne, amma da zarar ka murɗa ƙofa ka fito, ka shiga idon jama'a: ma'aikata, sauran baƙi, da kyamarorin tsaro da ke kowace baranda. Shi ya sa ake yawan ganin kuskure iri biyu. Wani ya mai da otal tsakar gidansa, ya sauko karin kumallo da singileti da silifas ɗin wanka. Wata kuma ta kwaso rabin kayan ɗakinta, ta biya kuɗin ƙarin nauyi a filin jirgi, ta iso ta tarar duk sun yamutse, kuma babu wanda ya dace da sanyin garin. Maganin duka biyun tun daga gida ake haɗa shi, kafin a rufe akwati.

1. A fara sanin yanayin garin da za a je

Kafin a zaɓi launi ko ɗinki, a duba waya a ga irin zafi ko sanyin da ake yi a garin a makon da za a isa. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, saboda haka wanda ya baro Sakkwato da 'yar shara a watan Disamba zai kwana yana rawar ɗari. Legas da Fatakwal kuma gumi ne da damshi, inda shadda mai kauri ke manne wa jiki tun kafin azahar. Masu zuwa Umara su lura cewa Makka da Madina ba yanayinsu ɗaya ba. A Disamba da Janairu ana iya zuwa sallar Asuba a Makka da jallabiya kaɗai, amma a Madina sai an haɗa da rigar sanyi da safa. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa zafin can yakan wuce digiri 40. Mai zuwa Afirka ta Kudu ya tuna cewa Yuni da Yuli ne tsakiyar sanyinsu.

Akwai kuma sanyin da ba na gari ba, wato na na'urar sanyaya ɗaki. Zauren taro, cikin jirgin sama, har jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, duk sukan yi sanyin da zai sa mutum ya takure. Ko da garin zafi za a je, kowa ya riƙe suwaita mara nauyi ko mayafi mai ɗan kauri.

2. A ƙirga wuraren da za a shiga kafin a ƙirga kwanaki

Uwargida ta ɗauki takarda ta rubuta abin da za a yi a tafiyar: ranar hanya, ranar taro, Juma'a, walima, zuwa kasuwa, ranar dawowa. Kowanne a sa masa kayansa. Duk abin da bai sami gurbi a takardar ba, a bar shi a gida. Mafi yawan kamfanonin jiragen sama kilo 23 suke yarda da shi a akwati ɗaya, jakar hannu kuma kimanin kilo 7, ga shi ana so a bar wurin tsaraba.

A tafiyar kwana biyar, maigida ya wadatu da kaftani uku, jallabiya biyu, hula biyu, takalmi biyu, sai babbar riga ɗaya in akwai ɗaurin aure ko ganawa da manya. Uwargida kuma abaya ɗaya, atamfa biyu, leshi ɗaya na fita ta musamman, doguwar riga biyu ta zaman ɗaki, da mayafi uku. Dabarar tana wajen launi. Mayafi baƙi, ruwan toka ko ruwan madara yana shiga da kusan kowace atamfa, haka takalmi da jaka in baƙaƙe ne ko ruwan ƙasa. Wadda ta ce kowane kaya sai da nasa gyale da takalmi da jaka, ita ce za ta yi ta cire kaya a gaban ma'auni mutane suna kallo.

3. A zaɓi yadin da ke jure ninki

Ba duk kaya mai kyau ne ke son akwati ba. Shadda mai sitati da yawa tana karyewa a inda aka ninke ta, kuma farar shadda ko ɗigon shayi ba ta ɓoyewa. Lilin yana da sanyi a jiki, amma zama ɗaya a mota ya isa ya yamutsa shi. Yadin roba ba ya yamutsewa, sai dai a garin zafi yana riƙe gumi da wari. Abin da ya fi yi wa matafiyi daɗi shi ne yadi mai laushi da aka cakuɗa da auduga, mai ɗan duhun launi, da atamfar da aka riga aka wanke sau ɗaya ko biyu ta saki jiki.

Kada a ɗauko ɗinki daga wurin tela a jefa shi akwati ba a gwada ba. A otal babu mai rage maka wuya ko ya buɗa maka hammata da tsakar dare. Haka sabon takalmi: a sa shi kwana biyu a gida tukuna, musamman in Makka za a je, inda tafiyar ƙasa tsakanin masauki da Harami ba ta ƙarewa. Kayan rini kuma, in ba a tabbatar sun daina zuba ba, a nisanta su da fararen kaya da farin zanin gadon otal.

4. Shirin akwati

Masu nauyi su ne a ƙasa, ta ɓangaren taya: takalma a cikin leda ko jakar yadi, da jakar kayan shafa. Kayan ciki, singileti, doguwar rigar ɗaki da kayan yara a naɗe su kamar tabarma, ta haka ba sa cin wuri da yawa. Shadda da babbar riga su ne a sama, a bar su a ninkin da mai guga ko mabugi ya yi musu, a sa ledar wanki tsakanin kowane kaya da na kusa da shi don kada su goga juna. In rigar tana da aiki a wuya, a juya aikin ciki.

Hula tana buƙatar kulawa ta daban. A cusa ɗaya cikin ɗaya, a cika cikinta da safa mai tsabta don kada ta lotse, a ajiye ta a kusurwar da babu abin da zai danne ta. Ɗaurin ashoke da aka riga aka ɗaura a ba shi kwalinsa. A ƙara da ɗan ƙunshin allura da zare baƙi da fari, maɓalli biyu, da fil na hijabi.

Abu mafi muhimmanci a nan: kowa ya sa kaya cikakke guda ɗaya a jakar hannu, har da na ciki. Akwati yakan makara, wani lokaci ya kwana biyu bai iso ba. Alhajin da jirginsa zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, haraminsa ma a jakar hannu ya kamata ya kasance in bai ɗaura tun daga gida ba, domin a sama ake wuce miƙati.

5. Kayan hanya su ne kayan isa

Da kayan da ka yi tafiya da su za ka tsaya a gaban masu karɓar baƙi. Otal-otal da yawa sai ƙarfe 2 ko 3 na rana suke ba da ɗaki, don haka wanda ya iso da safe yana iya shafe sa'o'i a zaune a falon karɓar baƙi, inda abokin kasuwanci ko shugaban ofis zai iya cin karo da shi. A sa abin da ke da sakewa kuma yake da kamala: kaftani mai laushi da hula, ko abaya da mayafin da ba ya zamewa. A rage ƙarafa, irin su bel mai babban kai, awarwaro da fil barkatai, saboda na'urar bincike a filin jirgi. Takalmi ya zama mai sauƙin cirewa. Babbar riga mai sitati kuwa a bar ta sai an isa, don kujerar jirgi da bel ɗinta ba sa raga mata.

6. Minti goman farko a cikin ɗaki

Kada a ɗora akwati a kan gado. Akwai ɗan teburin da aka tanada dominsa. A ɗaga zanin gado a duba gefen katifa, saboda kuɗin cizo ba ya tambayar tsadar ɗaki, kuma a cikin kaya yake bin mutum har gida. In an ga alamarsa, a nemi canjin ɗaki nan take.

Daga nan a fitar da kayan fita a rataye su a hanga. Kwana ɗaya a rataye yana sauke rabin yamutsewar hanya. In hanga ba ta isa ba, a kira a nemi ƙari, kyauta ne. Yadi mai laushi ana iya rataye shi a banɗaki lokacin da ake wanka da ruwan zafi, tururin ya miƙar da shi. Amma ban da shadda, don tururi yana kashe mata sitati da sheƙi. Sannan a kiyaye wannan: ɗan ƙarfen nan da ke leƙowa daga rufi ko bango, na feshin ruwan kashe gobara ne. Duk wanda ya rataya hanga a jikinsa ya fasa shi, ruwa zai cika ɗakin, kuma shi zai biya ɓarnar.

7. Guga da wanki

Dutsen gugar otal ya ratsa hannaye da yawa. Kafin ya taɓa farar shadda, a goga shi a jikin tsohon ƙyalle a ga ko yana fitar da tsatsa ko baƙi. Leshi mai duwatsu da abaya mai ado ta baya ake goge su, da wuta kaɗan, a shimfiɗa ƙyalle a kai. Kada a yi guga a kan gado ko kafet. In babu teburin guga a ɗakin, a nema.

Mai tafiya da nasa ƙaramin dutsen guga ya san irin soket ɗin ƙasar. Najeriya, Ghana, Saudiyya, Dubai da Ingila duk mai baki uku suke amfani da shi. Nijar, Kamaru, Masar, Turkiyya da Faransa kuwa mai baki biyu zagayayye ne, sai da adafta. Amurka ƙarfin wutarta 120 ne, namu 230, don haka dutsen gugarmu ba zai yi zafin kirki a can ba.

Wankin otal da ɗai-ɗai ake lissafa shi, kuma kuɗin yakan ba da mamaki. A karanta takardar farashin da ke cikin durowa kafin a miƙa kaya. Babbar riga da shadda mai tsada gara a dawo da su gida a kai wa wanda ya san hannunsu, don injin wanki da na busarwa suna iya kashe su a wanki ɗaya, musamman a ƙasar da ba a san irin kayan ba. Ƙananan kaya a wanke da hannu a shanya a banɗaki. Shanya a taga ko a baranda tana zubar da girma, wasu wuraren ma hanawa suke yi.

8. Kowa ya tanadi rigar leƙawa waje

Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace amfani. Tsakanin kayan barci da kayan fita akwai buƙatar kaya na uku, wanda za a zura cikin daƙiƙa kaɗan in an ƙwanƙwasa ƙofa, ko za a sauka karɓo saƙo, ko za a leƙa ɗakin yara. Ga maigida, jallabiya mai tsabta da hula. Ga uwargida, doguwar riga mara shara-shara da hijabi. A rataye su a bayan ƙofa, ba a cikin akwati ba. Mai gyaran ɗaki ko mai kawo abinci yana iya zama namiji, kuma ba ya sanarwa sai ya iso.

Wurin karin kumallo ma wurin jama'a ne. Ba sai an ci ado kamar za a biki ba, amma a wanke fuska, a sa kaya masu guga da takalmin kirki. A lura da hannun riga: inda kowa ke ɗibar abinci da kansa, hannun babbar riga ko bakin gyale yana iya faɗawa cikin miya. Farar rigar tawul da otal ke ajiyewa ta cikin ɗaki ce da wurin iyo, ba a zuwa cin abinci da ita, kuma ba tsaraba ba ce. Wanda ya tafi da ita za a cire kuɗinta.

9. A kwanta da abin da za a iya gudu da shi

In ƙararrawar gobara ta kaɗa da ƙarfe biyun dare, babu lokacin neman zani, kuma ta matakala ake sauka, ba a shiga lif. Kowa ya kwana da kayan da in ya tsinci kansa a waje cikin jama'a ba zai ji kunya ba. A ajiye takalmi, hijabi, katin buɗe ɗaki da jakar fasfo a wuri ɗaya kusa da gado.

10. Turare da lalle

Ƙamshi rabin ado ne a wurinmu, amma kasko da garwashi ba su da wuri a ɗakin otal. Na'urar da ke jikin rufi hayaƙi take shinshinawa, ba ta bambance turaren wuta da gobara. Tana iya tayar da bene guda daga barci, kuma otal da yawa suna cin tarar wanda ya yi hayaƙi a ɗaki. Kada kuma a toshe ta da leda ko safa, ran mutane ne a kanta. A turara kaya tun a gida, a rufe su a leda, ƙamshin zai kai har ƙarshen tafiya. Humra da turaren mai a ɗaure bakinsu da kyau a sa a leda biyu, don in suka zube a jikin shadda tabon ba ya fita. A jakar hannu kuma kwalbar da ta wuce mililita 100 ba ta wuce wurin bincike a mafi yawan filayen jirgi.

A shafa turare daidai misali. A cikin lif ko zauren taro mai rufaffen taga, abin da ya yi maka daɗi yana iya tayar wa wani da asma. Wanda ke cikin harami ya tuna cewa an hana shi turare, kuma sabulu da man da otal ke ajiyewa galibi masu ƙamshi ne, gara ya taho da nasa. Lalle da rinin gashi a gama su a gida kwana biyu kafin tafiya. Jan baki da hoda a goge su da auduga, ban da farin tawul, don akan caji baƙo kuɗin abin da ya ɓata.

11. Gwal kaɗan ya isa

Sarƙa ɗaya, 'yan kunne da zobe sun wadatar a yawancin tafiye-tafiye. Wadda ta jera awarwaron gwal har gwiwar hannu ta zauna a falon otal, ta sanar da wanda bai kamata ya sani ba abin da ke ɗakinta. In biki ne ya sa dole a tafi da masu tsada, a riƙe su a jakar hannu, kada su shiga akwatin da za a auna. In an isa a kulle su a akwatin ajiya mai lambobi da ke cikin ɗaki, ko a ba ofishin otal ajiya a karɓi takarda. Haka agogon maigida mai tsada. Kada a bar su a kan madubi ko a aljihun rigar da za a kai wanki.

12. A san dokar gari da ta gidan

Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Wannan ba ya nufin mutum ya yar da shigarsa. Kaftani da hula, ko atamfa da mayafi, suna shiga kowane zauren taro da kowane gidan abinci a duniya a matsayin cikakkiyar shiga, muddin suna da tsabta da guga. Abin nufi shi ne a san abin da doka ta hana. Faransa da Beljiyam sun haramta rufe fuska a bainar jama'a tun 2011, Ostiriya ta bi sahu a 2017, Denmak a 2018, don haka mai sa niƙabi ta san da wannan tun kafin a sayi tikiti. A Najeriya da Ghana doka ta hana farar hula sa kayan soja, saboda haka a cire wa samari wando ko jaka mai zanen kakin soja daga cikin kaya. Manyan kantunan Dubai kuma suna buƙatar a rufe kafaɗa da gwiwa, maza da mata.

Cikin otal ma kowane sashe da ƙa'idarsa. Wurin iyo ba a shiga da singileti ko zani, sai da kayan iyo, kuma akwai masu rufe jiki duka na mata da masu kaiwa gwiwa na maza. A saye su tun daga gida. A tambaya ko akwai lokacin da aka keɓe wa mata. Ɗakin motsa jiki yana buƙatar takalmin gudu. Yara kuwa a riɓanya musu kayan sawa fiye da na manya, kada a bar su suna zarya a baranda da ɗan kamfai ko ƙafa ba takalmi. A wurin cunkoso irin Harami, sa musu kaya masu launi ɗaya mai haske yana taimakawa wajen hango su.

A ƙarshe

Yawancin otal ƙarfe 12 na rana ake sallamar ɗaki. A ware kayan dawowa tun ranar da aka iso, a haɗa akwati da daddare, masu datti a ledarsu daban. Kafin a miƙa kati a buɗe durowa, a duba bayan ƙofar banɗaki, ƙarƙashin gado da akwatin ajiya, don a nan ake yawan mance hula, caja da 'yan kunne.

Matafiyi ba kansa kaɗai yake wakilta ba. Da shigarsa ake yi wa gidansu da garinsu hukunci, tun kafin ya buɗe baki. Kaya kaɗan masu tsabta, masu guga, da suka dace da wuri da yanayi, sun fi akwati uku na kayan da ba a yi tunani a kansu ba. Maigida da uwargida, ku zauna tare ku yi wannan lissafi mako guda kafin ranar tafiya. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.